Takarda Ɗaya Mai Hatimi Nake Nema Kan Ajiyar Marigayi Malam Sale

Zuwa ga Shugaban bankin da nake ajiya a cikinsa,
ta hannun Manajan reshenku na garinmu.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da dukan ma'aikatanka, ina rubuto maka ne daga unguwar Hindawiyya a Makka. Sunana Haruna. Shekarata goma sha ɗaya a nan, ina aiki a wani shagon kargo, ina ɗaure kayan alhazai in auna su kafin a tura gida. Ban ambaci sunan bankinku ba, kuma ba zan ambata ba, domin maganar tana gaban kotu, kuma akwai bayin Allah da ke cin abinci a wurin waɗanda ba su yi mini komai ba. Kun san kanku, lambar ƙorafina tana cikin na'urarku. Sau huɗu na rubuto muku a ɓoye, amsa ɗaya ake maimaita mini, shi ya sa yau na fito fili.

Zan jera maganar daki-daki don kada ta yi maka nauyi.

Na ɗaya: kuɗin ba nawa ba ne.

Shekara bakwai muka yi ɗaki ɗaya da Malam Sale, mutumin unguwarmu a gida, mai guga a wani shagon wanki a unguwar Utaibiyya. Bai taɓa shiga banki ba, kuma ba ya son shiga. Shekara biyar da suka wuce, da kafilina, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya ba ni hutu zan je gida, Sale ya ce in buɗe masa asusu da sunana, ya riƙa tara ɗan abin da yake samu, ko Allah zai sa ya koma ya buɗe shagon kansa. A harabar Masallaci muka yi maganar bayan La'asar, muna kallon Ɗakin Allah. Ba mu rubuta komai ba. A wurinmu nan, maganar da aka yi a wannan wuri ba a neman mata takarda.

Daga nan duk lokacin da ya tara 'yan riyal sai mu je wurin mai canji, a tura naira cikin asusun, a nuna mana shaida a waya. Wani wata ya kawo da yawa, wani wata babu. Bayan aikin Hajji ne yake ɗan samu, lokacin da hannunsa ke kumbura saboda guga. A haka ya tara naira miliyan biyu da dubu ɗari huɗu cif. Ban taɓa cire ko kwabo ba.

Na biyu: yadda aka buɗe asusun, da laifin da ke kaina.

Ranar da na je reshenku, ma'aikacin da ya karɓe ni mutum ne mai fara'a, ya ba ni kujera, har ya ce in sa shi a addu'a idan na koma. Na faɗa masa abu ɗaya: kuɗin amana ne, kuma mai su ba ya son ko kwabo na kuɗin ruwa ya taɓa su. Ya ce ai wannan mai sauƙi ne, akwai asusun da aka yi musamman don mazauna ƙasar waje, ba a ba da ruwa a cikinsa. Ya miƙo mini fom mai shafi shida, ya nuna wuraren da zan sa hannu da bakin biro. Bai ce mini ana cire naira dubu uku da ɗari biyar duk wata ba. Ni ma ban tambaya ba.

A nan zan faɗi gaskiya a kaina. Na sa hannu ban karanta ba. Haruffan Turancin ƙanana ne, jirgina kuma washegari ne, ga sallama da dangi tana jirana. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Laifina na biyu ya fi wannan, kuma na san ma'aikatanka sun yi dariya da suka ji shi. Shekara huɗu da wata huɗu ban duba asusun ba, da gangan. Ban sa manhajarku a wayata ba. Mahaifina ya rene mu a kan cewa idan aka ba ka ajiya, ka ɗaure ta ka ɗora a inda idonka ba zai riƙa kaiwa ba, domin idan ido ya saba da ita, wata rana zuciya za ta ce ka ranta ka mayar. Ni mutum ne mai buƙatu, ga iyali a gida, ga kuɗin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, duk shekara. Na san kaina, shi ya sa na kau da kai. Ina tsaron kuɗin daga hannuna, ban san daga wani ɓangaren ake ɗiba ba.

Na uku: rasuwar Sale, da abin da na tarar.

A Sha'aban ɗin da ya wuce ciwon ƙoda ya kwantar da Sale. Kwana tara ya yi a asibiti. Ana saura kwana biyu ya cika, ya ce in riƙe masa waya ya yi wa matarsa Rabi saƙon murya. Ya faɗa mata adadin kuɗin, ya maimaita sau biyu, ya ce suna hannun Haruna, Haruna kuma ba ya cin amana. Muka yi masa salla a Harami, muka binne shi a nan. Allah ya jiƙansa. Saƙon nan babu wanda bai ji shi ba a danginsu.

Bayan kwana bakwai na nemi in tura wa magada haƙƙinsu. Sai aka ce lambar sirri tana zuwa ne ta tsohon layina na gida, layin da kamfanin waya ya daɗe da sayar wa wani saboda rashin amfani. Wata uku na yi ina kiran ofishinku da kuɗin wayata, ana sa mini kiɗa ina jira a tsaye a bayan shago. A watan Zulƙida aka yarda aka sauya lambar, bayan na nuna fuskata da fasfo ta bidiyo. Na gode da wannan, wata baiwar Allah ce a ofishinku ta tsaya mini, ban ma san sunanta ba.

Da na buɗe, na tarar da naira miliyan biyu da dubu ɗari da sittin da takwas da ɗari shida. Babu naira dubu ɗari biyu da talatin da ɗaya da ɗari huɗu. Ga inda suka tafi, kamar yadda manhajarku ta nuna:

Kuɗin kula da asusu, dubu uku da ɗari biyar sau wata hamsin da biyu: dubu ɗari da tamanin da biyu.
Inshorar da ban nema ba, ban kuma san ta mece ce ba: dubu ashirin.
Katin cire kuɗi guda biyu da kuɗin kula da su, alhali ko ɗaya ban taɓa riƙewa ba: dubu goma sha biyu.
Saƙonnin sanarwa da kuka riƙa tura wa baƙon da ya sayi layina: dubu tara da ɗari huɗu.
Littafin cak, wanda ina jin har yau yana cikin durowar reshenku: dubu takwas.

A ranar na tura duk abin da ya rage zuwa ga Yaya Mudi, wan marigayi, wanda shi ne babba a gidansu. Na yi masa bayani, na tura masa hoton abin da ke wayata.

Na huɗu: abin da ya sa ban cike gurbin da kaina ba.

Ranka ya daɗe, na san abin da za ka ce, domin kowa ya faɗa mini. Kuɗin nan idan aka juya su riyal ba su kai albashina na wata ɗaya ba. Mai gidan da nake haya, Ammu Bakur, jikan mutanen Kano ne amma a nan aka haife shi, da ya ji labarin cewa ya yi: "Ya Haruna, khalas, biya ka huta, kam riyal ne duka?" Nufinsa, nawa abin yake da zan hana kaina barci.

Na ji shawararsa. Na kira Yaya Mudi na ce zan cika daga aljihuna don a raba gado a huta. Sai ya ce: "To Malam Haruna, in ba kai ka ci ba, me ya kai ka biya? Banki ya yi ɓarna kai ka ɗauka? Ka riƙe kuɗinka. Ka kawo mana takardar banki mai hatimi, ko su bankin su dawo da su da kansu. Hoton waya kuwa, yaran unguwa ma suna haɗa irinsa."

Na kwana biyu ina jin haushinsa, daga baya na ga bai yi laifi ba. Ƙaninsa ya mutu a wata ƙasa bai ga gawarsa ba. An bar masa marayu uku da saƙon murya mai adadi a ciki, ga wani a nesa yana cewa adadin ya ragu. Da ni ne a wurinsa, ban san abin da zan ce ba. Kuma maganarsa ta ɗaure ni. Idan na biya, na amsa laifin da ban yi ba. Idan ban biya ba, ina riƙe da haƙƙin marayu. Wannan ƙulli ba ni na yi shi ba, kuma ba ni da abin kwance shi. Yana hannunku.

Yaya Mudi ya ce ba za a kira malami a raba gado ba sai dukiyar mamaci ta haɗu. Don haka kuɗin da na tura suna nan a ajiye, Rabi ba ta taɓa su ba. Ta fita takaba tun tuni, tana sayar da ƙosai a ƙofar gida, alhali tumuninta da rabon 'ya'yanta suna nan an rufe.

Na biyar: amsarku.

Na shigar da ƙorafi a watan Zulhajji, a tsakiyar aikinmu, lokacin da ko zama ba ma samu a shago. Aka amsa mini cewa wata ƙungiyar masu ajiya ta kai ƙara kotu kan irin wannan asusu da cajin da ke kansa, don haka an dakatar da duba duk wani ƙorafi irin nawa har sai an yanke hukunci. Na ce to, na ji. Ni ba lauya ba ne, amma na san idan magana tana gaban alƙali ana jira. Wataƙila ma kotu ta ce kuna da gaskiya, tunda na sa hannu. Idan ta faɗi haka zan karɓa.

Sai na nemi abu ƙarami: takardar bayanin asusu mai hatiminku da sa hannun manaja, wadda za ta nuna wanda ya cire kuɗin. Aka ce sai na zo reshe da kaina. Na ce ina Makka, fita sai da izinin kafili, hutuna kuma sai baɗi, ga kuɗin jirgi ya ninka abin da ake rigima a kai sau da yawa. Na ce a ba matata, zan aiko da takardar wakilci. Aka ce lauyoyinku sun hana fitar da kowace takarda mai hatimi kan wannan nau'in asusu har sai an gama shari'a.

Wannan ne ban gane ba. Ban ce ku rubuta cewa kun yi kuskure ba. Na ce ku rubuta abin da ya faru. Kuɗin sun fita, ku kuka cire, na'urarku ta shaida. Ko kotu ta ba ku gaskiya ko ta hana ku, wannan ba zai canja ba. Wace shari'a ce za ta lalace don kun buga hatimi a kan abin da kuka riga kuka nuna mini a waya?

Na shida: jiran ɓangare ɗaya ne.

Kun ce kowa ya tsaya a jira kotu. Ni na tsaya. Ku ba ku tsaya ba. Tun da na kwashe kuɗin a Zulƙida asusun ba komai a ciki, amma duk wata kuna rubuta dubu uku da ɗari biyar. Na nemi a rufe shi, aka ce rufewa ma sai na zo da kaina, kuma idan na rufe, ƙorafina ya faɗi. Yau wata takwas ke nan, kuna bina naira dubu ashirin da takwas. A kan wannan kuma kun ɗora kuɗin ruwa, naira dubu uku da ɗari da hamsin.

Ka dubi wannan da kyau, ranka ya daɗe. Abu ɗaya tak na roƙa ranar da na shigo bankinku, shi ne kada riba ta taɓa mu. Saboda wannan roƙon aka sa ni a asusun da ya cinye ajiyar. Yanzu ga ribar an rubuta ta da sunana, tana ƙaruwa duk wata, ni kuma ina zaune a garin da nake jin kiran sallar Harami daga bakin titi. Ba yawan kuɗin ne ke damuna ba. Ranar da na ga layin nan a waya, na kasa cin abinci.

Idan dakatarwa adalci ce, ta hau kan kowa. Ba zai yiwu a ɗaure hannun mai ƙorafi a bar na mai cirewa a sake ba, sannan a kira wannan girmama kotu.

Na bakwai: abin da jiran yake ci.

A wurinku ƙorafina lamba ce a jerin lambobi, na sani, kuma ban zarge ku da ƙin jinina ba, ba ku ma san ni ba. Amma bari in faɗa maka yadda jiran yake a nan.

Mutanenmu da yawa a garin nan ba su da wurin ajiya sai hannun ɗan'uwa. Shekaru ana kawo mini: wannan fasfo, wannan 'yan riyal, wannan takardun asibiti. Ba a biyana, ban kuma nema ba. Labari ya taso daga gida ya iso Hindawiyya, kamar yadda kowane labari ke isowa. Ba wanda ya zage ni. Sai dai a watan Safar wata dattijuwa, Hajiya Kulu, mai sayar da abinci a unguwar Shisha, wadda 'yan kunnenta na zinariya suka shekara shida a akwatina, ta zo shago ta ce tana son ta gan su. Na ɗauko. Ta ce za ta je biki da su ne. Ta sa a jaka, ta yi mini addu'a mai tsawo ba ta dubi fuskata ba. Ba ta dawo da su ba, kuma na san babu wani biki. Bayan ita mutum huɗu sun zo, kowa da uzurinsa mai kyau.

A gida kuwa, matata ta daina zuwa suna da biki a unguwa, domin idan ta shiga ɗaki hira takan tsaya. Shekarata hamsin da huɗu. Ban gina gidan bene ba, ban sayi mota ba. Abin da na tara a zaman nan shi ne a ce a kai wa Haruna ajiya. Ban san ta yadda ake shigar da ƙorafin wannan a fom ɗinku ba.

Abin da nake roƙo.

Ɗaya, ku ba matata takardar bayanin asusun tun daga ranar buɗewa, da hatimi da sa hannun manajan reshe. Idan lauyoyinku suna tsoro, su rubuta a ƙasa cewa wannan ba amsa laifi ba ne. Ni zan sa hannu a kan haka, kuma wannan karon zan karanta. Wannan roƙon ba ya buƙatar jiran kowa, kuma shi ne mafi girma a wurina.

Biyu, ku tsayar da cajin wata-wata daga ranar da na shigar da ƙorafi, ku goge kuɗin ruwan da kuka ɗora. Idan kotu ta ce dubu ashirin da takwas ɗin haƙƙinku ne, zan biya a ranar. Ribar kuwa ku cire ta daga sunana.

Uku, ku rubuto mini cewa ƙorafina yana nan da ranar da ya shiga, kuma tsawon shari'a ba zai sa a ce lokacinsa ya wuce ba.

Huɗu, kuɗin kati da littafin cak da saƙonnin da ba su zo mini ba, ban ga alaƙarsu da ƙarar ba. Kaya ne aka caje ni ba a ba ni ba. Ku duba su daban.

Biyar, duk ranar da za a mayar da wani abu, ko nawa ne, kada ya biyo ta hannuna. Ku tura kai tsaye zuwa ga magadan Sale, da sunan bankinku a kan saƙon, su gani da idonsu daga inda ya fito.

Ga 'yan'uwana mazauna nan da za su karanta wannan: duk wanda ke riƙe da ajiyar wani a banki, ya buɗe ya duba yau. Kau da kai da aka koya mana a akwati yake aiki. Kuma ko da an ce maka ana jiran kotu, ka shigar da ƙorafinka a rubuce, ka adana amsar.

Ranka ya daɗe, mutane da dama sun ce in je in tsaya a gaban Ɗakin Allah in kai ƙararku, tafiyar ba ta da nisa daga inda nake. Na je sau da yawa, amma ban yi ba. Ban tabbata kai da kanka ka san abin da ke faruwa ba, kuma ina tsoron in roƙi abin da zai faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Yanzu dai ka sani. Abin da nake roƙa maka shi ne Allah ya ba ka ikon yin adalci tun kana da dama, ya tsare dukiyarka daga haƙƙin maraya, ya ba alƙalin da ke riƙe da shari'ar nan basira, ya sa kada 'ya'yanka su taɓa tsayawa neman shaida a kan gaskiyarsu a ƙasar da ba tasu ba.

Wata mai zuwa Sale zai cika shekara. Ina so ranar in kira gidansu in yi musu gaisuwa kamar yadda ya kamaci wanda ya sa shi a kabari da hannunsa. Sau uku na kira Rabi tun bayan Salla, wayar tana shiga, ba a ɗauka. Ba zan sake kira ba sai takardar nan ta riga ni isa gidan. Saura kwana ashirin da 'yan kai, kuma buga hatimi ba ya cin minti ɗaya.

Na bar maka maganar a nan. Wassalam.

Haruna mai awon kaya,
Hindawiyya, Makka.